Dubu ashirin da biyar, yara huɗu: me zan yi musu na Kirsimeti?

Maman Godiya, Sabon Tasha:
Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Shawara nake nema, don Allah wanda ya gani ya sa baki. Mun zauna da maigida mun yi lissafin Disamba. Mun cire kuɗin watandar nama, mun cire na shinkafa da mai, mun ware rabin kuɗin makaranta na Janairu mun ce ko ana ha-maza-ha-mata ba za a taɓa shi ba. Abin da ya rage na yara naira dubu ashirin da biyar ne. Su huɗu ne: Godiya shekara 7, Murna shekara 6 ('yar ƙanin maigida ce, babanta ya rasu bara, tana hannunmu), Ishaku shekara 4, sai auta da bai cika biyu ba. Ɗinki zan yi musu? Takalma? Ko kayan wasa? Kuɗin ba zai kai duka ba. Ishaku kuwa tun watan jiya ba shi da zance sai na mota mai rimot da ya gani a hannun ɗan maƙwabta. Na tambayi kuɗinta, ita kaɗai za ta cinye rabin abin da ke hannuna.

Baban Bitrus, Bukuru:
Sannu da ƙoƙari Maman Godiya. Ni ra'ayina a fili yake, ki manta da kayan wasa. Saya wa manyan takalmin makaranta mai ƙwari, baƙi sau-ciki, su sa ranar Kirsimeti su je sujada, Janairu su wuce da shi makaranta. Motar roba kwana nawa take yi? Kafin sabuwar shekara taya ta fita, batir ya mutu, yaro ya koma kuka. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi, kayan wasan nan kuwa yawancinsu daga Sin ake kawo su. Mafi ƙarancin albashi dubu 70 aka sa a 2024, da yawa ma ba sa samun hakan. Mai irin wannan samu ba shi da kuɗin zubarwa a roba.

Malama Rahila, Wusasa:
Baban Bitrus, a kan takalmi na yarda da kai. A kan sauran ban yarda ba. Na daɗe ina koyar da ajin ƙanana a makarantar Lahadi, kuma Lahadin da ke bin Kirsimeti ita ce ranar da na fi sa ido a kan yara. Kowa zai zo riƙe da wani abu: wannan tabaran roba, wancan usur, wata 'yar jakar hannu da babu komai ciki sai alawa guda. Akwai kuma wanda zai zo hannu rabbana. Ba ya kuka, ba ya ƙara. Zai tsaya gefe yana bin na wasu da ido, can ka ji ya ce a hankali, "Ba ni in taɓa." Sabon takalmi na ƙafarsa, amma ɗan shekara huɗu bai san takalmin makaranta kyauta ba ne, a wurinsa abin da dole a saya masa ne. Abin da yake so shi ne wani abu da zai ce "nawa ne", ya ba aboki aro in ya ga dama, ya hana in ya ga dama. Tsadarsa ba ta dame shi ba. Maman Godiya, ki kashe mafi yawan kuɗin a sutura, amma ki ware wa kowane yaro ɗan abin riƙewa a hannu, ko na ɗari biyar ne.

Baban Bitrus, Bukuru:
Malama, mu da muka tashi ba wanda ya saya mana abin wasa, me ya same mu?

Malama Rahila, Wusasa:
Ba a saya muku ba, amma kuna da su. Wa ya tashi a ƙasar nan bai tura gare-gare ba, bai ja motar kara ko ta gwangwani ba? Yayye ne suke yi wa ƙanne. Yanzu yayyen suna kan waya, yaro na cikin gidan haya ba kara ba fili. In ba mu nema masa ba, ba shi da shi.

Anti Laraba mai gwanjo, Kasuwar Bacci:
Maman Godiya, ke da kike Kaduna ai kasuwa na kusa da ke. Bari in faɗa miki yadda abin yake daga cikin rumfa. In an kwance sabuwar dila, zaɓin farko shi ne mai tsada, masu shagunan cikin gari ne suke kwashewa su wanke su goge su rataye a gilashi. Bayan kwana biyu ko uku sai a zube ragowar a tabarma a yi musu kuɗi ɗaya. A cikin na tabarman nan akwai kayan yara masu kyau ƙwarai, sai dai ki zo da haƙuri ki tsuguna ki tona. Ki zo da safe, kuma ki zo yanzu. Daga tsakiyar wata zuwa jajibere ba a ragi, don mai kaya ya san in kin tafi wata na bayanki.

In kin ɗauki riga, ki juya cikinta. Ki duba hammata da wuya, ki ja zif sama da ƙasa, ki ƙirga maɓallai, ki ɗaga ta a rana ki ga ko yadin ya sha jiki. Tabon mai ko na tsatsa ba ya fita, kada a ce miki "wanki ɗaya ne". Takalmi kuma kada ki kawo yaran kasuwa, za su ga abin da ba ki da kuɗinsa. Ki sa kowa ya taka ƙasa, ki karya tsinken tsintsiya daidai tsawon ƙafarsa daga dunduniya zuwa babban yatsa, ki ɗaura wa kowane tsinke zare mai launi daban. A kasuwa ki sa tsinken cikin takalmin, ya zama akwai sauran wuri kamar faɗin yatsanki. Ki lanƙwasa ƙasan takalmin ki gani, in ya yi tsatstsage ki ajiye, ya daɗe a ajiye, sati ɗaya zai ɓare. Kuma kada ki manta hunturu muke ciki. Sujadar dare da ta asuba, rigar sanyi ta fi komai amfani, musamman ga auta. In kin je gida ki jiƙa su da sabulu, ki shanya a rana sosai, ki goge. Babu wanda zai ce ba sababbi ba ne.

Maman Alheri, Narayi:
Anti Laraba kin gama magana. Na Jos su je Katako, na Kano su je Ƙofar Wambai, duk haka ake yi.

Bulus tela, Kafanchan:
Ni kuma ta ɓangaren ɗinki. Turmin atamfa yadi shida ne. Yara masu waɗannan shekarun, turmi ɗaya zai fitar da doguwar riga biyu ta 'yan matan, da rigar Ishaku, da ta auta, in dai telan bai yi ɓarna ba. Abin da ke cin kuɗi shi ne salo: a sa leshi, a sa duwatsu, a yi shafi, a yi hannu mai tattara. Ki ce masa ɗinki mai sauƙi kike so, ya bar ninki mai faɗi a ƙasa da gefe yadda baɗi za a warware a ƙara tsawo. Sannan gaskiya tsakani da Allah, in makon farko na Disamba ya wuce ba ki kai ba, ki haƙura ki koma gwanjo. Mu kanmu ba ma barci a watan nan, wuta kuma ba ta tsayawa. Telan da ya karɓi kayanki ranar 18 ga wata ya ce "ba matsala", ranar 24 da dare za ki same shi bai yanka ba. Wani abu kuma: ki ce ya tara miki guntayen ƙyallen. Haƙƙinki ne. Da su ake yin ɗankwali da abin ɗaure gashi, har da rigar 'yar tsana.

Kaka Rifkatu, Kagoro:
'Yata Maman Godiya, jikata ce take rubuta mini wannan, ni ina faɗa. Na ji shawarwarin kasuwa da na tela, duk sun yi kyau. Amma abin da ya tsaya mini a rai cikin maganarki yarinyar nan ce Murna. Wannan ce Kirsimeti ta biyu da za ta yi ba babanta. Duk abin da za ki yi, ki fara da ita. In atamfa ce, su sa iri ɗaya da Godiya, ɗinki ɗaya, tsawo ɗaya. In gwanjo ce, duka biyun gwanjo. Kada ki yarda ɗaya ta sa sabo ɗaya ta sa kwancen 'yar'uwarta, ko da kwancen ya fi kyau. Yaro maraya yana ƙirga abin da ba ki san yana ƙirgawa ba: wa aka fara kira, wa aka ba mai ja wa aka ba mai shuɗi, wa aka ce wa "juya in gani". Ba zai faɗa ba sai ya girma, lokacin kuma gyara ya wuce. Na riƙe 'ya'yan mutane, na san abin da nake faɗa.

In launin abu ya bambanta, ki sa su a leda baƙa kowace ta sa hannu ta ɗauka. Kuma ki ba ta dama ta ambaci babanta ranar, kada a yi ta shiru kamar ba a taɓa yinsa ba. In da hotonsa, a fito da shi.

Mu a zamaninmu riga ɗaya ake yi mana a shekara. Mu sa ranar Kirsimeti, a wanke a ninke a sa ƙarƙashin tabarma, a sake fito da ita ranar 1 ga Janairu mu je kallon Afan, bikin gargajiyarmu na Kagoro. 'Yar tsana kuwa da kanmu muke yi, da totuwar masara da tsumma, gashin masarar shi ne gashinta, mu yi mata kitso mu goya. Ban ce a koma can ba, zamani ya canja. Amma uwa ta zauna da 'ya'yanta mata da allura da zare su ɗinka 'yar tsana, har yau bai tsufa ba.

Maman Godiya, Sabon Tasha:
Mama, na gode, Ubangiji ya ƙara miki lafiya da tsawon rai. Kin taɓo inda yake mini ciwo. Dangin uwarta sun ce za su aiko mata da kaya, ina tsoron kada su aiko mata ita kaɗai, Godiya kuma ta tsaya tana kallo. Ko kuma su ce za su aiko, ranar ta zo shiru.

Kaka Rifkatu, Kagoro:
Ki yi lissafinki kamar ba za su aiko ba. In sun aiko, ki gode musu, ki ajiye mata na sabuwar shekara. Godiya kuma ki zaunar da ita ki gaya mata gaskiya, 'yar shekara bakwai tana ganewa.

Yohanna, Gonin Gora:
Anti, sau ɗaya fa ake yi a shekara. Akwai manhajojin bashi a waya, cikin minti kaɗan za su tura miki dubu ashirin ko talatin. Ki haɗa ki saya wa yaron motarsa, ƙarshen Janairu ki biya. Farin cikin yaro ai ya fi kuɗi.

Maman Alheri, Narayi:
Yohanna ƙanena, don Allah kada ka sake ba wani wannan shawarar. Wata a layinmu ta ci irin bashin nan a Disamba. Kwanakin biya kaɗan suke bayarwa, ruwan kuma yana hawa kullum. Da ta makara, sai suka bi lambobin da ke wayarta suna tura saƙo, har surukarta da fastonta, wai ɓarauniya ce. Ta yi makonni ba ta iya shiga majami'a don kunya. Janairu wata ne mai tsawo: kuɗin makaranta, littattafai, wasu ga haya. Motar ta karye, bashin yana nan.

Baban Bitrus, Bukuru:
Nan kam bakinmu ɗaya. Daidai ruwa daidai tsaki. Bashi don asibiti na ji, bashi don abin wasa a'a.

Yohanna, Gonin Gora:
Na ji, na janye. Amma har yanzu ba wanda ya faɗi abin da za a ce wa yaron. Shi mota yake so, ba tabarau ba.

Danjuma kafinta, Unguwar Boro:
Yohanna ya yi tambaya mai kyau. Maman Godiya, mota mai rimot ba kuɗin sayenta ne kaɗai ba. Motar na cin batir, rimot ɗin na cin nasa, kuma masu arahar nan ba sa jure ƙasa da ƙura, a kan siminti mai santsi kawai suke gudu. Ni abin da nake yi wa 'ya'yana da na 'yan'uwa tifa ce ta katako. Guntayen katako suna nan zube a shago, da su ake hura wuta. Ina yanka gindi kamar tsawon tafin hannu biyu, in kafa kan direba a gaba, a baya in yi akwati mai ɗagawa da ɗan hinji guda. Taya kuma tsohon silifas nake yankawa zagaye, biyu-biyu a manne, in zura waya mai kauri in lanƙwashe bakinta ciki yadda ba za ta soki yaro ba. In goge ko'ina da samfefa har sai na shafa a kumatuna ban ji ƙaiƙayi ba. A ɗaura igiya a gaba, shi ke nan. Yaro zai loda yashi, ya ja zuwa bakin ƙofa, ya juye, ya dawo. Zai wuni a haka. Wadda na yi wa babban ɗana, ƙaninsa ne ke ja yanzu. Mu maƙwabtan juna ne, in maigida zai samu lokaci ya zo shago mu yi tare, ba sai kun biya komai ba.

Yohanna, Gonin Gora:
Yaran yanzu fa ba irin na da ba ne. Ba za su yi masa dariya ba, shi da ta katako wani da mai rimot?

Malama Rahila, Wusasa:
'Yan shekara goma za su iya. 'Yan huɗu da biyar, motar da ke ɗaukar kaya ita ce sarauniya, mai rimot ɗin ma zai zo yana roƙon a ba shi ya ja. Abu ɗaya kawai: kada a yi wa Ishaku alkawarin mai rimot "in an samu kuɗi". Yaro ba ya manta alkawari. A gaya masa tun yanzu cewa bana ba za a saya ba, amma Baba yana haɗa masa wata babbar mota da hannunsa. Ya yi kukansa yau, kada ya yi shi ranar 25.

Sista Hannatu, Jos:
Ina aikin jinya a ɓangaren yara, kuma makon Kirsimeti zuwa sabuwar shekara ba ma hutawa. Tunda akwai ɗan ƙasa da shekara biyu a gidan, duk abin da za ki saya wa manyan ki auna shi da bakin auta, don a can zai ƙare. Duk abin da zai iya wucewa ta cikin kwalin da ake naɗe takardar bayan gida a kai, ya yi ƙanƙanta ga ɗan ƙasa da shekara uku. Shi ya sa za ki ga a jikin wasu kwalaye an zana fuskar jariri da 0-3 an ja layi a kai.

Abin da na fi tsoro shi ne ƙaramin batir mai kama da maɓalli, wanda ke cikin agogon roba, tabarau mai walƙiya, da takalmi mai wuta. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, cikin awa biyu zai iya ƙona naman wurin. Ba a jira a ga ko zai fita a kashi, ba a sa shi amai, asibiti ake gudu nan take. In marfin batir ba da sukuru aka ɗaure shi ba, ki bar shi a kasuwa. Sai balan-balan: wanda ya fashe a tsince guntayen a zubar, don in ya shige hanyar numfashi yana manne wa. Duwatsun kitso kuma muna ciro su daga hanci da kunne. Bindigar wasa mai harba ƙananan ƙwallaye ta ɓata idon yara da yawa. Nakawut, abin wasan wutan nan mai fashewa da ƙara, ba sai na faɗa ba, kusan kowace shekara 'yan sanda suna sanar da haramta shi, amma ana saya wa yara. Yana fashewa a hannu, ga ciyawa ta bushe da hunturu, ga kuma garuruwanmu da ƙara kaɗan take sa mutane gudu.

Malam Danjuma, motarka ta yi, sai dai kada a shafa mata ragowar fentin gini ko na ƙarfe, wasu suna da gubar dalma, auta kuma zai lasa.

Danjuma kafinta, Unguwar Boro:
Na gode Sista. Ba na sa fenti, man gyaɗa kaɗan nake shafawa katakon ya yi duhu ya yi sheƙi.

Maman Godiya, Sabon Tasha:
Sista, to shi auta me ya dace da shi?

Sista Hannatu, Jos:
Rigar sanyi da safa da hula. Abin wasa kuwa ƙwallo mai laushi wadda ta fi bakinsa girma, ko kofunan roba masu shiga cikin juna. In 'yar tsanar gwanjo ce mai gashi, ki ja idanun da ƙarfi ki gani, in suna motsi ki cire ki ɗinke wurin da zare. Kada ki kashe masa da yawa, a shekarunsa kwalin ma ya ishe shi wasa.

Maman Fati, Kakuri:
Salamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo, ni Musulma ce amma abin da kuke faɗa shi muke fama da shi duk Sallah. Abin da ya taimake ni shi ne na daina sayen kayan Sallah a watan azumi. Da an gama biki kaya suke sauka, sai in saya da ɗan girma in ajiye a akwati. Bana ya wuce, amma a Janairu ki gwada, ki shiga ƙaramin adashi na musamman don wannan. Sannan 'yan mata, rabin kwalliyarsu a kai take. Kitso mai kyau da abin ɗaure gashi na ƙyallen rigarsu, sun fito. Ni ina kitso, 'ya'yan maƙwabtana Kirista kowace shekara ni nake yi musu ranar 23, ba na karɓar ko sisi, su ma ranar biki kwanon shinkafa da cincin har ɗakina. In ba ki da mai yi, ki kawo su.

Maman Godiya, Sabon Tasha:
Maman Fati, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Zan neme ki ta akwatin saƙo.

Dauda, Pankshin:
Ba wanda ya ambaci kaza. Mu a gida kyautar yaro ke nan: budurwar kaza ta gida, a ce taka ce. Ta yi ƙwai, ta kwanta kwana 21 ta ƙyanƙyashe, kafin wata Kirsimeti yaro yana da garke, wani har akuya ake haɗa masa. Yana koyon ba da tsaba da ruwa, yana koyon tattali. Sai dai a yi mata rigakafi, don annobar kaji da hunturu take zuwa, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom tana yin maganin rigakafin, ana samu wurin likitocin dabbobi.

Maman Godiya, Sabon Tasha:
Malam Dauda, da a ƙauye nake da na yi. Ɗaki biyu muke haya, tsakar gida na mutum takwas, mai gidan ya hana kiwo.

Maman Alheri, Narayi:
Bari in faɗi abin da ke cin raina, wanda zai ji haushi ya yi haƙuri. Muna nan muna ƙirga ɗari biyar-biyar na yara, amma a majami'u da yawa an riga an fitar da ankon zumuntar mata na Kirsimeti, ga na mawaƙa, ga gudummawar ado, ga kuɗin kai yara ganin Baba Kirsimeti. Mace za ta biya anko don kada a ga ba ta sa ba, 'ya'yanta kuma su sa na bara. Wannan daidai ne?

Mama Saratu, uwar zumunta, Kachia:
'Yata, ba ki yi ƙarya ba, amma ba ko'ina ba ne. Mu shekarun nan mun tsayar cewa zanen zumunta da kowa ke da shi ya isa, ba sabon anko a Disamba. Kuɗin da za a sa a anko, kowace ta kawo abin da ta iya, mudun shinkafa ko kayan da 'ya'yanta suka girme, mu wanke mu goge mu kai gidajen gwauraye da marayu kafin ranar, da yamma, ba a gaban jama'a ba, ba ɗaukar hoto. In naku ba su yi haka ba, ki tashi a taro ki faɗa. Za ki yi mamakin yawan matan da suke jira wata ta fara.

Maman Alheri, Narayi:
Mama, faɗa a taro ba sauƙi, a ce kin raina shugabanni. Amma zan nemi biyu ko uku mu je tare.

Dattijo Istifanus, Zonkwa:
Ina goyon bayan Mama Saratu. Mu tuna, a Luka sura 2, da Yusufu da Maryamu suka kai jaririn Haikali, hadayar tsuntsaye biyu suka miƙa, wadda Shari'a ta yarda wa wanda ba shi da halin ɗan rago. Gidan da aka haifi Mai Ceto gidan masu ƙaramin ƙarfi ne. Bai kamata majami'a ta zama wurin da talaka zai ji kunyar aljihunsa a ranar ba. Zan kai maganar anko gaban dattawa a namu wurin.

Malama Rahila, Wusasa:
Akwai kuma kuɗin yawon Kirsimeti. Yara za su zaga gidajen dangi da maƙwabta, a ba su hamsin, ɗari, ɗari biyu. Su dawo uwa ta ce "kawo in ajiye maka", shi ke nan an sayi magi. Maman Godiya, ki saya wa Godiya da Murna asusun ƙasa ɗaya-ɗaya, ba shi da tsada wurin masu tukwane. Ki rubuta sunan kowace a jiki. Shi kansa kyauta ne, kuma abin da suka tara su saya wa kansu fensirin kala ko littafin zane a Janairu.

Baban Bitrus, Bukuru:
Malama, in gida babu magi fa? Kuɗin yaro ai na gida ne. Wanda ya ba ɗana ɗari biyu, ni ma na ba nasa.

Malama Rahila, Wusasa:
In babu, a ce masa "ara mini, zan mayar", kuma a mayar. Abin da nake ƙi shi ne a ce an ajiye alhali an kashe.

Baban Bitrus, Bukuru:
Aro wurin ɗan da nake ciyarwa? Wannan kam ban gamsu ba. Amma yawon, a haɗa su da babba, gidajen da aka sani kawai, su dawo kafin rana ta faɗi.

Maman Godiya, Sabon Tasha:
Na gode muku duka. Na kira telarmu, ta ce in na kai atamfa gobe za ta karɓa, don haka turmi ɗaya zan saya su huɗun su yi anko. Abin da ya rage zan shiga Kasuwar Bacci da tsinkayena in nemi takalman 'yan matan da rigar sanyin auta. Ishaku takalminsa na bara yana shiga. In canji ya ragu, asusu biyu. Abin da ban sani ba shi ne ko kuɗin zai kai takalma biyu bayan atamfa da ɗinki.

Anti Laraba mai gwanjo, Kasuwar Bacci:
Zai yi wuya ya kai sau-ciki biyu masu kyau, gaskiya. Ki nemi sandal mai maɗauri, ya fi araha kuma makarantu da yawa suna karɓa, amma ki tambayi tasu tukuna. Ki fara sayen atamfar ki biya tela, ki zo da abin da ya rage. In kin shigo ki kira ni in raka ki layin masu takalma, akwai waɗanda muke mutunci da su.

Danjuma kafinta, Unguwar Boro:
Ki ce wa maigida Asabar da safe ina shago. Ya zo da tsofaffin silifas guda biyu masu kauri da igiya kamar yadi ɗaya da rabi. Kada ya zo da Ishaku, akwai zarto da ƙusoshi a ƙasa.